Feshin Farko

Ƙarfe huɗu ta ɗan gota lokacin da hadari ya haɗo daga gabas, iska mai danshi ta fara kaɗa tsofaffin jaridun da aka rufe gilasan motoci da su. Mai fenti ya dubi sama, ya dubi ƙofar motar da ya wuni yana gogewa da samfefa, sannan ya kashe injin iska. Fenti ba ya shiri da danshi. Duk wanda ya yi feshi a irin wannan yanayi, gobe zai tarar da aikinsa ya yi furu-furu kamar ƙafar da ba ta ga mai ba.

"Yau ma sama ta sallame ka?" in ji mai walda, maƙwabcinsa a garejin, yana ɗage baƙin tabarau.

"Ita ce uwar ɗakina, yaya zan yi da ita?"

"To rufe gwangwanin tinar surka fentin nan kafin ka tafi, ka san ba ta shiri da wuta. Wata rana ni da kai za mu tashi sama ba jirgi."

Mai fenti ya yi dariya, ya ɗora marfin a karkace yadda ya saba, ya kama hanyar gida.

A gida ba mai fenti ba ne, Yaya ne. Ya tarar da Umma a bakin ƙofar ɗaki ta miƙe ƙafar da aka yi wa aiki, sandarta a gefe. Ƙanwarsa Auta na zaune a tebur da kayan makaranta a jikinta, littafi a buɗe, amma idonta yana kan bango. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne kofin shayin da ke gabanta: an sha an bar shi ba a wanke ba. Auta kuwa ita ce mai wanke cokali sau uku kafin ta kai shi baki, har suke kiranta Sarkin Tsabta.

"Ranka ya daɗe, wa ya taɓa mana sarki?"

Ba ta yi dariya ba. Umma ce ta amsa, ƙasa-ƙasa. "Tun da ta dawo take haka. Wai lambobi sun ƙi haɗuwa."

Ya jawo kujera ya zauna. Ya san halin Auta: idan aka matsa mata sai ta ƙulle kamar tsohon kwaɗo, idan aka bar ta ita da kanta za ta buɗe. Ruwa ya fara sauka a kan kwano kafin ta yi magana.

Ranar Alhamis, jibi ke nan, za su yi jarrabawar aikin hannu ta kemistri, ta fita daga sakandare. Duk abin da ke kan takarda ta iya shi, ba mai ja da ita a ajin. Amma aikin ɗakin gwaji ya gagare ta. Ana son ɗalibi ya maimaita gwaji ɗaya sau uku, lambobin su zo kusan daidai. Nata kuwa kowace da inda ta nufa, kamar awaki a kasuwa. Yau Malam ya duba takardarta ya girgiza kai, ya ce da irin wannan, makin aikin hannu ya tafi. In kuwa kemistri ta faɗi, karatun haɗa magunguna da take mafarki tun tana aji uku ya bi ruwa.

Yaya ya dubi hannuwansa, launi kala-kala ya shige ƙarƙashin farce. A aji biyu ya ajiye littafi, shekarar da Baba ya rasu, domin gida ya tsaya da ƙafarsa. Kalmomin da ke cikin littafin Auta ko kiran sunansu ba zai iya ba. Amma ya san abu guda: ruwa ba ya tsami banza.

"Gaya min yadda kike yi. Tun daga shigarki ɗakin."

"Yaya, ba za ka gane ba."

"Na sani. Ki dai gaya min. Mai mota ma idan ya zo da ƙorafi, daga inda ya tayar da ita nake sa shi ya fara."

Ta yi tsaki mara ƙarfi, ta ɗauko sandar Umma ta tsayar a kan tebur. Wannan, in ji ta, ita ce buret: siririyar kwalba doguwa mai lambobi a jiki, da ɗan famfo a ƙasa. Asid ake cika ta da shi. Ta tura kofin shayi ƙarƙashin sandar. Wannan kuma kwalbar da ake auna ɗaya ruwan a ciki, a ɗiga masa wani abu ya zama ruwan ɗorawa. Sai a buɗe famfo, asid yana ɗiga ana kaɗawa, har launin ya juya. Nan za a tsaya a karanta yawan asid ɗin da ya sauka.

"Ko kina zarcewa? Launi yaudara gare shi."

"Ba na zarcewa. Ɗigo-ɗigo nake yi, har farar takarda nake sawa a ƙasa."

"Madalla. To idan kin gama na farko?"

"Sai in zubar da sauran, in wanke buret ɗin tas da ruwa, in sake cikawa."

"Na biyu fa?"

"In sake wankewa mana. Ƙazanta zan yi?"

"Kina shanya ta ta bushe?"

"Ina lokacin yake? Girgizawa nake yi in zuba asid."

Yaya ya sosa haɓa. Ya ji kunyar abin da zai faɗa tun kafin ya faɗe shi, kamar mai shiga ɗakin da ba a gayyace shi ba.

"Ni dai a wajenmu, idan na wanke bindigar feshi da tina, ko na girgiza ta har hannuna ya gaji, akwai saura a bututu. In na zuba fenti na fesa wa mota kai tsaye, sai ya fito tsararo, launin ya ƙi zama. Shi ya sa feshin farko ba na mota ba ne. A kwali nake zubar da shi. Fentin da kansa yake kore abin da ya rage, sannan a fara aiki."

"Yaya, wannan kemistri ne, ba gareji ba."

Maganar ta shige shi, amma bai nuna ba. Umma ta buɗe baki, ya yi mata alama da ido.

"Gaskiyarki," ya ce. "Karambanin akuya ne. Bari in watsa ruwa."

Da ya fito daga wanka yana goge kai, ya same ta a tsaye, biro a hannu, ta cika gefen shafi da lissafi. Ba shi take wa magana ba, da kanta take yi.

"Ruwan da ya maƙale yana surka asid ɗin... sai ya rage ƙarfi... sai in buƙaci mai yawa. Kuma ragowar ruwan ba ya zama daidai kowane lokaci." Ta ɗago, idanunta sun yi rau-rau. "A littafin da na kwafa 'a wanke' kawai aka rubuta. Ba a ce da me ba."

Umma ta sunkuyar da kai tana murza gefen zaninta. Su uku sun san makonnin da Auta ta kwafi darasi daga littafin ƙawarta: makonni ukun da ta yi a kan tabarma a asibiti, tana jinyar wannan ƙafa.

"Kada ki ɗauki maganata ki shiga jarrabawa da ita," Yaya ya ce. "Ki tambayi Malam gobe. Ido ba mudu ba ne, ya dai san kima."

Ranar Laraba ta dawo da murmushi, amma ta ce ba za ta faɗi komai ba sai an fito, kada baki ya yi mata.

Alhamis gari ya waye tangaran, rana mai kyau ta feshi. Duk da haka sau biyu Yaya yana haɗa shuɗin motar nan yana ɓatawa. Hannunsa na kan gwangwani, zuciyarsa na wani ɗaki da bai taɓa shiga ba, inda wata yarinya take tsaye gaban siririyar kwalba.

"Yau ko makanta ta kama ka?" mai walda ya tambaya. "Wannan shuɗi ne ko kore?"

"Ƙanwata ke jarrabawa."

"To kai aka ce ka faɗi a madadinta?"

Azahar ta wuce kafin ya hango ta a bakin gareji, da kayan makaranta, riƙe da abincin da ta sayo masa a hanya. Tana tafe tana tsallake tabon mai a ƙasa kamar mai tsallake wuta. Ya ajiye bindiga. Ya tako ya tare ta.

Ta juyo masa da tafin hannunta. Da biro ta rubuta a kai, ita da ba ta yarda ko ɗigon tawada ya taɓa ta: 23.6, 23.5, 23.5.

Lambobi kam ya iya karantawa. Ya daɗe yana kallon su.

"Alhamdulillahi," ya ce a hankali. "Kamar 'yan uku."

"Jiya da na tambayi Malam, dafe kai ya yi. Ya ce a mako na biyu ya koyar da ɗauraye buret da asid ɗin kansa, kuma bai taɓa tunanin akwai mai wanke buret tsakanin kowane gwaji ba, shi da yake fama da ɗalibai su wanke ko sau ɗaya. Sai ya ce wa ya gano min. Na ce Yayana. Ya ce a wace jami'a yake."

"Kika ce masa me?"

"Na ce mai fentin mota ne. Ya ce in gaishe ka."

Mai walda ya tuntsire da dariya. "Farfesa! Ashe shekara shida da farfesa nake zaune ban sani ba!"

Yaya ya juya baya, wai yana neman tsumman goge hannu, alhali yana rataye a kafaɗarsa. Sakamako sai bayan watanni, akwai sauran takardu a gaba, ya san da haka. Amma wani abu da ya daɗe a ƙirjinsa tun ranar da ya ajiye jakar makaranta ya ɗan matsa gefe, ya ba numfashi hanya.

"Ajiye abincin a can," ya ce. "Ki tafi gida, Umma na nan ta ƙagu. Bari in gama wannan kafin sama ta canja ra'ayi."

Ya tayar da injin iska, ya fesa na farko a kwali, sannan ya juya ga ƙofar motar. Wannan karon shuɗin ya zauna daram.

Ta madubin gefen motar ya hango ta ba ta tafi ba. Ta tsaya gaban gwangwanin tina, ta dubi marfin da ke karkace, ta dubi tartsatsin da ke tashi daga wajen mai walda. Ta durƙusa ta daidaita marfin, ta danna shi da tafin hannu har ya shige, ta ɗauki gwangwanin ta kai shi inuwa bayan bango. Ta duba hannunta, ya yi baƙi, lambobin sun goge. Ba ta nemi ruwa ba. Ta saɓa jakarta ta fice, shi kuma ya ci gaba da feshi.