Kwanson da ya fi nauyi

Indo ta fara aiki a filin tsofaffin ƙarafa na Alhaji Rufa'i da ke unguwar Diguel wata biyu bayan faɗan da aka yi cikin gari a 2008. Rumfarta ta sayar da wake ta ƙone a lokacin, mijinta Mijinyawa kuma ciwon baya ya kwantar da shi. Ita kaɗai ce mace a filin, kuma ta haura hamsin.

Ranar farko Alhaji ya miƙa mata mayen ƙarfe da aka ɓalle daga tsohuwar rediyo.

"Yaya Indo, duk abin da wannan ya kama baƙin ƙarfe ne, ki jefa hagu. Wanda bai kama ba ki kankare shi. In fari ne sanholo ne, na masu zuba tukwane. Ja, jan ƙarfe. Rawaya, tagulla. Batir kuwa can nesa, kada ruwansa ya taɓa ki."

Ta sha kunya a makon farko. Ta cakuɗa tutiya da sanholo, ai duka farare ne, sai da Alhaji ya sa aka zazzage buhu uku aka sake tsincewa a gabanta. Washegari ta riga kowa zuwa, ta zauna tana ɗaga kowane guntu tana jin nauyinsa. Kafin damina ta sauka, hannunta ya riga mayen ƙarfen ganewa.

A kwanakin nan masu tura kura suna yawan kawo kwanson harsashin igwa da suke tsinta a bayan gari. Tagulla ce mai kyau. Mati, wani ƙaƙƙarfan mutumin Maraɗi, shi ke daddake su da guduma don su shiga buhu.

Wata Laraba da hantsi Indo tana miƙa masa su ɗaya-ɗaya, sai ta ɗauko wani da laka ta toshe bakinsa. Ta tsaya.

"Inna, kawo mana," in ji Mati.

"Wannan ya fi 'yan'uwansa nauyi."

"Laka ce."

"Na san nauyin laka. Ajiye gudumar nan."

Ya yi dariya ya miƙo hannu. Ta daka masa tsawar da ta fito da Alhaji daga rumfa. A hankali ta kwantar da abin kan yashi, ta ce kowa ya fita.

Alhaji ya aika a kira sojoji, biyu suka zo bayan azahar. Babbansu ya duƙa ya duba, ya miƙe ya tambaya da Larabci wa ya gane shi. Alhaji ya nuna ta. Sojan ya ce da guduma ta sauka a kansa, da filin da gidan maƙwabta duk sun tafi. Mati ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Nan take Alhaji ya kafa doka: ba a ƙara dukan wani abu mai rufaffen baki sai Indo ta ɗaga shi.

Da ta isa gida a unguwar Amriguébé, labarin ya riga ta. Mijinyawa ya ce an gaya masa bam uku ta kwance da hannunta.

"Ɗaya ne, Malam, kuma ban kwance ba," ta ce, tana wanke hannu. "Ganewa na yi."

Ya sa ta ba shi labarin tun daga farko, ta kuwa ba shi, ba ta tsallake ko tsawar ba.