Motar da Ba Ta Shan Mai

Shekara goma sha ɗaya Shafi'u ya yi yana jan tsohuwar motarsa tsakanin Tambuwal da Kebbe, wata ragargajajjiya da tun tana bayan gari ake jin tarinta. Duk tsawon wannan zama bai taɓa karɓar kuɗin mota a hannun ɗan'uwa ba. Wa ma zai fara wannan abin kunya? Sai dai in dangi sun tashi tafiya suna, ko biki, ko gaisuwar mutuwa, babbar cikinsu takan kwance bakin zane ta ce, "Ungo, a zuba mai." Ba shi aka ba ba, motar aka ba. In mai ya ci rabi, ragowar ta kwana a aljihunsa babu mai tambaya, kowa ya rabu da kowa fuska a sake.

Da fetur ya yi tsadar da direba ke wuni a hanya ya koma gida da kuɗin koko, sai wani kamfani ya zo ya kafa rumfa mai rufin sola kusa da tashar Tambuwal, ya jera fararen motoci biyar masu aiki da lantarki. Ba sayarwa suke yi ba, haya suke bayarwa ta shekara uku. Wakilinsu wani siririn mutum ne mai tabarau, Gazali, bakinsa kamar an shafa masa zuma. Ya zaunar da Shafi'u a kan benci ya dinga jero masa daɗi: watan farko kyauta ne, caji a rumfar nan kyauta har wata shida, taya da gyara duk na kamfani. Sauran maganar kuwa da gudu ya wuce ta. Akwai kuɗin ajiya da za a fara bayarwa, akwai biyan wata-wata, kuma motar ba za ta haura kilomita dubu fuɗu a wata ba. In ta haura, a biya tarar abin da ya ƙaru. In aka haura wata uku a jere, kamfani ya ɗauke motarsa, kuɗin ajiya kuma sun tafi.

Shafi'u ya ji duka, amma na farkon ne ya zauna masa a kunne. Ya sayar da tsohuwar motar, ya haɗa da buhun gero takwas, ya sa hannu.

Daga shi sai matarsa Nasiha suka san motar haya ce. A tasha kuwa da aka kewaye shi ana shafa ƙarfen, ana sa mata suna Bebiya don ba ta da ƙara, bai ce ya saya ba, bai kuma ce bai saya ba. Abin da ya ce, yana buga bayanta da tafin hannu, shi ne:

"Wagga ba ta shan mai. Rana taka sha!"

Kafin la'asar maganar ta isa kunnen Gwaggo Batula.

Gwaggo Batula yayar mahaifinsa ce, ita ta yaye shi, kuma tun daga Sanyinna har Fakku ba a raɗa wa jariri suna ba ta ji ƙamshin naman ba. Ta zo ta zagaya motar sau biyu, ta leƙa ƙarƙashinta, ta miƙe tana riƙe da ƙugu.

"Kac ce rana taka sha?"

"Rana, Gwaggo."

"Ikon Allah. To rana dai ba ta kowa ba ta. Gobe muna da suna Sanyinna."

Aka je Sanyinna aka dawo. Da suka sauka, Shafi'u ya ɗan jinkirta a bakin ƙofa yana goge madubin da ba shi da datti. Gwaggo ta taɓa bakin zanenta don sabo, sai ta tuna, ta sake shi. Ta ɗaga hannu biyu ta zuba masa albarka mai tsawo, matan da ke bayanta suna amin. Albarka kam ya sha ta a watan nan. An kai amarya, an je dubiya, an je gaisuwar wani tsoho da ko Gwaggo sai da ta tambayi sunansa a hanya. Waɗanda da can sukan yi lissafin mai su haƙura, yanzu duk sun tuna suna da zumunci.

Ƙarshen wata Gazali ya juyo masa fuskar waya. An haura. Shafi'u ya biya tara, ya ce ai ɗokin sabon abu ne. Wata na biyu aka sake haurawa, har fiye da na farko. Ranar Gazali ya cire tabarau, zumar bakin duk ta bushe.

"Malam Shafi'u, saura ɗaya fa. Ni ba ni da iko a kai, na'ura ce ke rubutawa. In ta cika uku, da kaina za a aiko ni karɓar makulli."

Ya koma gida ya zauna gindin darbejiya, tuwon rana yana hucewa a gabansa. Nasiha tana tankaɗe ba ta ko ɗago ba.

"Baban Muhsina, ka gaya mata mana."

"In ce mi? In ce Gwaggo biya ni?"

"Ka ce motar aro ta."

"Gari duka shi ji?"

"To gari duka shi ga an karɓe ta, wanne yaf fi? Tsohuwar dai ka sai da, geron mun gani da ido anka fita da shi."

Ya zaɓi dabara. Ranar da Gwaggo ta aiko za a je ganin wata mai jego, ya tafi da kansa ya durƙusa ya ce a yi haƙuri, motar ba caji. Gwaggo ta leƙa waje ta dubi sama.

"Ba caji ƙaƙa? Ga rana nan kamar ta gasa mutum! Fid da ta fili ta sha."

Haka ya fito da Bebiya tsakiyar fili ya ajiye, Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a inuwa tana ɓarar gyaɗa tana jiran mota ta ƙoshi. Bayan awa guda ta aiko a tambaya ko ta isa. Ya rasa bakin da zai ce ba haka ake yi ba, tunda shi ya faɗa da bakinsa a gaban mutane. Aka tafi.

Ranar ashirin da biyu ga wata na uku, abin da ya rage masa bai fi kilomita ɗari shida ba, ga sauran kwanaki da dole ya yi lodi ya haɗa kuɗin wata. Da hantsi sai ga Gwaggo da mata fuɗu, da kwanonin tuwo, da ƙullin turamen zane. Jikarta Humaira ta haihu a Fakku, can bayan Kebbe. Zuwa da dawowa zai cinye abin da ba zai iya maidawa ba. Nasiha ta tsaya a bakin zaure tana kallonsa. Ya buɗe baki, ya dubi furfurar da ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwalin Gwaggo, ya ce, "Bismillah, ku shiga."

Kaka ce, an gama yankan gero, gonaki sun yi fili. Da suka yi nisa da gari sai Shafi'u ya saki hanyar mota ya bi wani ɗan burtali da masu babur ke yankewa, don ya rage ko kilomita biyar ne. Motar ta shiga rawa, kwanoni suna kaɗawa. Sauda, matar ƙanin babansa, ta dafe murfin miya tana salati. Ita kuwa Gwaggo tana gaba, ba hanya take kallo ba, shi take kallo. Mace ce da in miji da mata suka yi faɗa a ƙarshen unguwa, daga yadda matar ta ɗauki tulu take ganewa.

"Kai, ɗan nan. Mi kaka ta kallo nan wurin sitiyari? Tun da munka taso idonka na bisa shi."

"Ba komi, Gwaggo."

"Ba komi ad da lamba? Na ga tana ta canzawa. Ɗazu bakwai ta ƙarshe, yanzu takwas."

Da tsohuwar motar ce, da ya taka totur ƙara ta haɗiye maganar. Wannan kuwa ko numfashin Sauda ana ji. Har kwanonin kamar sun kasa kunne. Shafi'u ya rage gudu, ya tsaya a gindin wata tsamiya da aka loda wa dammunan harawa a rassa.

"Tafiya taka ƙirgawa, Gwaggo."

"Ta ƙirga ta gaya ma wa?"

"Masu ita."

Gwaggo ta juyo da jikinta gaba ɗaya. "Au. Ba taka ba ta?"

Sai ya faɗa. Ya faɗi hayar, da watan kyauta, da dubu fuɗun, da tarar da ya biya sau biyu, da abin da zai faru in wannan watan ma ya haura. Yana magana yana kallon sitiyari. Da ya gama, Sauda ta ce a hankali, "Ashsha."

Gwaggo ta murza carbi.

"Wata uku," ta ce, "kana ɗora ni bisa dabbar aro, ina sauka ina kaɗe zane in wuce. Ni Batula! Ko jakin maƙwabci nid ɗauka niz zo da itace, ba ni maida shi da ciki wofi. Kai kas sa ni wanga rashin ta-ido, don dai a ce Shafi'u ya sai mota."

"Kunya nij ji, Gwaggo."

"Kunyar wa? Ni da nis share maka majina?" Ta juya baya. "Ku kuma kun yi zuru kamar ba ku ji ba. Kowa ta kwance."

Aka shiga kwance bakin zane. Sauda ta miƙo nata tana tambaya, "To mi za mu ce? Ba mai balle a ce a zuba."

Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi tsamiyar. "Harawa. Ku ce ga na harawar mota." Ta tattara ta tura cikin aljihun gaban rigarsa da kanta, ta ƙara dannawa. "Ba kai anka ba ba, kak ka yi mini godiya. Ja mu tafi. Kebbe za ka aje mu."

"Fakku fa?"

"Masu babur sun mutu?"

Waɗanda suke tashar Kebbe ranar har yau suna ba da labarin yadda aka ɗora Gwaggo Batula a bayan kabu-kabu, kwanon tuwo a cinya, ta riƙe rigar mai babur ta wuya tana yi masa kashedin ramuka tun bai tayar ba. Shafi'u ya tsaya har ƙurarsu ta kwanta, sannan ya yi lodin fasinja masu biya ya juyo Tambuwal.

Abin da ya ji tsoro kuwa ya faru, bai ko daɗe ba. Mata biyar ne suka ji, ga taron suna a gabansu. Washegari da ya shiga tasha, wani direba ya tare shi da fara'a:

"A'a, Alhaji mai Bebiya! Ƙaƙa masu ita? Ka gaishe su in sun kira."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, ta ciki na ciki. Kwana biyu ana yi, rana ta uku mutum biyu daga cikin masu dariyar suka ja shi gefe suna tambayar nawa ne kuɗin ajiyar.

Gwaggo ta dawo daga Fakku da ciwon ƙugu, ta kafa tabarma a zauren gidansa. Duk wanda ya zo neman mota, ita yake tararwa. Mai zuwa dubiya ta ce ya buga waya. Mai kai amarya ta ce a bari wata ya kama, amarya ba ta lalacewa. Wani malami daga danginsu ya zo da rawani zai je ɗaurin aure, ta gaishe shi da ladabi har ƙasa, ta kira masa mai babur. Kullum da yamma in Shafi'u ya dawo sai ta taso ta leƙa ta tagar motar.

"Nawa ta ci yau?"

Ya faɗa mata. Ta yi lissafi da yatsu, ta ce gobe sawu ɗaya zai yi, ba biyu ba.

Ranar ƙarshen wata ya kai motar rumfar sola. Gazali ya duba waya, ya goge tabarau, ya sake dubawa.

"Saura kilomita goma sha tara. Malam Shafi'u, wa ya koya maka lissafi haka?"

Shafi'u ya ajiye masa kuɗin wata a kan benci, ya mayar da makulli aljihu.

Washegari, ɗaya ga wata, yana fitowa daga masallacin asuba ya tarar da Gwaggo zaune a kujerar gaban motar, ta riga ta sa Nasiha ta buɗe mata, mata uku a baya da ƙunshin kaya.

"An ce yau lamba ta koma farko," ta ce. "Muna da biki Sanyinna. Ga harawa nan na tara, ƙirga ka gani."

Ya ƙirga. Na mutum uku ne cif. Ya dubi baya, ya dubi Gwaggo.

"Gwaggo, ku fuɗu na gani."

"Ni am mai tarawa," ta ce, tana gyara zaman mayafi. "Tada mota, rana na yi."