Daushen Malam

…kuma ba wai ban iya kwance huhun goro ba ne. Na iya. Igiyar ce ta ƙi, ko yatsun ne, oho. Kai ka yi ƙullin farko, Malam, ni kuwa duk sanda na buɗe sai in mayar da shi yadda na tarar, har igiyar ta saba da lanƙwasarta. Yau ga shi tana yi mini gardama.

Suna zaure. Ina jin tarin Muhammadu Sani, ƙanenka, tarin nan na gayya da yake yi in yana so a san ya gaji da jira. Ya yi ta yi. Tun yana yawo da majina na san shi. Ɗan'auta kuwa ya leƙo ya koma, ya leƙo ya koma, makullin babur a hannu. Gobe ɗaurin aurensa a Dawakin Tofa, yau kuma kasuwar Ɗanbatta take ci. Magana ɗaya suke jira daga bakina. In na ce goron nan ya yi, shi za a kai gidan su Raudatu, amaryar, a raba wa jama'a. In na ce ya wuce, ya hau babur ya sayo sabo, shi ke nan… Shi ke nan a wajensu.

Yauwa, ta kwance. Bismillahi.

Ganyen saman ya yi laushi, na ƙasa da sauran danshi. Ƙamshin — ƙamshin ɗakinka ne, na rigarka ta kasuwa. A'a, Maijidda, ba riga aka ce ki shinshina ba.

Bara war haka ka shigo da shi daga Kano, ka hana yara taɓawa, ka ce wannan ba na sayarwa ba ne, na Auta ne. Zai kwana ya zama daushe. Na ce duk goron da ke garin nan, sai an ajiye wani shekara guda? Ka dube ni kamar na yi saɓo. Sabon goro ai ruwa ne da yauƙi, in ji ka, ɗacinsa ba shi da kan gado. Daushe shi ne wanda ya zauna har sabo ya fito ya tarar da shi, ruwansa ya tsane, ɗacinsa ya kwanta, ƙamshinsa ya taru wuri ɗaya. Amma yana da ranarsa, kuma in zai wuce ba ya yi wa kowa sallama. Kai ma ai haka ka yi — daga masallaci, a gindin darbejiya, da zafin bazara, takalminka ɗaya a ƙafa…

Da an yi auren sanda aka sa, da goron yana kan ganiyarsa. Sai rasuwa. Sai takaba. Sai damina, wa zai yi biki da fartanya a hannu, rumbu kuma ba komai? Aka ce a bari a cire gyaɗa. An cire. Su duka sun iya jira, ba wanda ya tambayi goro ko shi ma ya iya.

Ni dai na yi abin da na gani kana yi. In shimfiɗa tabarma, in zazzage, in tsince masu sankara — tabon nan da ke cin goro daga ciki, ɗaya ya shafa wa goma — in sake ganye, in yi yayyafi da bakin yatsu, ba da yawa ba. Masu ta'aziyya sun cika gidan nan, ko ɗaya ban fitar ba, aka sayo musu na kasuwa. Na ji ana raɗa wai na yi rowa. Na yi ɗin.

To ga su nan a gabana. Jajayen sun ƙara duhu, kyakkyawan duhu. Fararen sun koma ruwan ƙasa-ƙasa. Wannan ya yamutse a gefe, gefe ɗaya dai. Wannan kuwa… tsiro ne? Ɗan fari, kamar haƙorin jariri. Ya gaji da zama goro, bishiya yake son zama, a nan ƙasar tamu da ba a taɓa ganin bishiyarsa ba. Ajiye shi can. Da wannan. Da wannan ma. Sauran fa? Ido ba ya shiga ciki.

Sai an fasa. Kusa da kunne kake kai shi, ka runtse ido ɗaya, ka murɗa. Mai rai ƙas yake yi. Wanda ya mutu buɗewa kawai yake, ba magana. Bari in ji… Kai, matan gidan maƙwabciyarmu Asiya da sussukarsu! Taɓarya uku a turmi ɗaya, ta ina mutum zai ji kukan goro? Ya yi ƙas, ko ni na so ya yi?

Cikinsa dai ba baƙi. Akwai wani layi siriri a tsakiya, kamar inuwa. Dā ma akwai shi a kowane daushe? Ban taɓa lura ba. Me ya sa ban taɓa lura ba?

Gobe bayan an shafa fatiha za a bi sahu da faranti. Dattawan Dawakin Tofa ba yara ba ne, wasunsu daga hannunka suka ci goro tun suna samari. Muhammadu Sani ba zai iya riƙe bakinsa ba, zai ce na marigayi ne, Malam Yahya mai goro, da hannunsa ya ajiye wa ɗansa — sunan da bakina bai taɓa ɗauka ba, shi zai yi ta shela da shi. Sai wani tsoho ya fasa, ya kai baki. In goron ya wuce ba zai ce komai ba. Ba sa cewa. Zai juya kai ya tofar a hankali, ya sa ragowar a aljihu, a hanya ya ba akuya. Wannan shirun nake tsoro, Malam. A ce goron ƙarshe da ya fito da sunanka tofarwa aka yi.

In kuma sabo ne? Fes, mai sheƙi, ba mai kushewa. Na kowa. Na duk wanda ya tsaya a kasuwa da safe. Kai kuma ba ka je auren autanka ba ke nan, ko a cikin faranti. Wannan ɗin ma ba zan iya ba. Wallahi ba zan iya ba.

Ci, Maijidda. Ki daina kewaye-kewaye.

Da tauri. Alhamdu lillahi, da tauri, har dasashina ya amsa. Ba yauƙi. Ɗacin ya zo… a hankali ya zo, bai yi tsalle ba, ya bi gefen harshe ya zauna. Haka ne. Haka yake yi. Ina moɗa? Kurɓi ɗaya daga randa, a jira zaƙin da ke biyo bayan ruwa. Ga shi — ga shi nan, siriri, can ƙasan maƙogwaro. Amma a bayansa akwai wani abu. Kamar ƙasa. Kamar ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Zurfin daushe ke nan da kake yabo, ko farkon mutuwarsa? Tsakaninsu ai bai kai kaurin ganye ba.

Ko bakina ne? Tun da aka fita da kai, tuwo da katako duk ɗaya ne a wajena. Na sa gishiri a miya sau biyu rannan, ba wanda ya yi magana, don tausayi. Da wannan harshen za a yanke wa goronka hukunci?

Wani. A ɗauko daga ƙasan huhu. Wannan ya fi zaƙi… a'a, ya fi ƙasa-ƙasan. A'a. Ban sani ba. Ya ake sani? Dā ya nake sani? Ai na sani dā, har mata suna aiko mini in ɗanɗana musu. Da hantsi kamar yanzu, kai a nan hannun dama, ka fasa, ka shinshina, ka gutsira, ka yi shiru har in ƙosa, sannan ka ce ya yi, Maijidda, ka miƙo mini ɓari ɗaya. In ci, in ji ya yi. Ran da ka ce ya wuce, in ci, in ji ya wuce. Na matan ma sai ka dawo nake… sai ka dawo. Ashe ban taɓa kai goro baki ba sai na ji abin da ka ce. Ashe da kunne na yi ta ci, duk zaman nan.

Hannuna kuma me yake yi a miƙe? Wa nake ba wa ɓarin? Ba kowa a dama, tabarma ce kawai.

Inuwa a bakin ƙofa. Auta. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sa hannu biyu ya karɓa, ya zaci shi nake miƙa wa. Yaron da ko goron Sallah ba ya ci. Ya sa a baki. Bai tauna ba. Ya riƙe shi a kunci, ya zuba mini ido.

"Inna, Baffa ya ce rana tana yi."

Jira yake. Ba goron yake saurare ba, ni yake saurare. Duk abin da na faɗa, shi zai ji a harshensa, shi zai kai zaure, shi zai gaya wa 'ya'yansa wata rana. Kuma ni ban sani ba.

Malam… wannan dogon shirun da kake yi kafin ka ce ya yi — kai ma, ba kullum ka sani ba, ko?

Yaron yana kallona. Ɗacin ya fara kai masa, ina gani a idonsa, kuma har yanzu bai tauna ba.