Injin Numfashin Baba

Shiru ne ya fara tarar ta a tsakar gida. Shekara uku ke nan, duk sanda ta shigo gidan mahaifinta tarinsa ke riga kowa yi mata maraba, wani tari mai kama da ana jan buhun tsakuwa a kan siminti. Yau babu shi. Ta yar da jakar tafiya a baranda, ta kutsa ɗakin da takalmi a ƙafa.

Baba na zaune a bakin gado yana yanke farce. A gefensa wani farin inji kamar ƙaramin firiji yana gurnani a hankali, siririn tiyo ya taso daga jikinsa, ya zagaye kunnuwan tsohon, ya shiga hanci. Leɓunan nan da suka daɗe da komawa launin toka sun yi ja.

"Auta, zo ki ji labari," in ji shi. "Jiya na yi barci har da mafarki."

Ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa, hawaye na zuba. Da za a ce ta zaɓi minti ɗaya a rayuwarta ta zauna a cikinsa har abada, wannan za ta zaɓa.

Yayanta, direban bas, ya leƙo yana murmushi. "Sannu da ƙoƙari, 'yar majalisarmu. Tun Juma'a aka kawo. Na san ke kika aiko, shi ya sa na sa hannu."

"Ni ban aiko da komai ba, Yaya."

Kwalin injin na jingine bayan ƙofa. A jikinsa an manna takardar karɓa da sa hannun Yaya, a samanta kuma hatimin kamfanin fasa dutse, wanda Baba ya yi wa aiki shekara ashirin da shida har ƙura ta cinye masa huhu.

Ta san dokar ɗa'a kamar tafin hannunta. Duk kyautar da ta fito daga wanda ke da wata magana a gaban kwamitinka, ko kai ka karɓa ko wani ɗan gidanku, kwana uku gare ka ka miƙa ta ofishin ɗa'a. In wa'adin ya wuce, ba ka da ƙuri'a a maganar. An kawo ranar Juma'a, tana kan hanya. Yau Litinin, ofishin na rufewa ƙarfe huɗu. Gobe da safe kuma kwamitinsu zai yanke hukunci kan ƙudurin da zai tilasta wa kamfanonin dutse yayyafa ruwa a bakin inji, su ba leburori abin rufe hanci, su yi jinyar waɗanda ƙura ta kwantar. Su goma sha ɗaya ne. Biyar na can, biyar na nan, sai ita. In aka cire ta, ƙudurin ya mutu.

Ta fita baranda ta hau kiran waya, tana neman wani injin da za ta saya. Shagon kayan asibiti na farko ya ce ya ƙare. Na biyu ya ce sai an yo oda, mako biyu in Allah ya taimaka. Na uku bai ɗauka ba. Likitan Baba ya ce babu gado ko ɗaya, sai dai benci a farfajiyar ɗakin gaggawa, da tukunyar iska da ke ƙarewa cikin 'yan sa'o'i, wata kuma sai an bi layi.

Ta kira magatakardan ofishin ɗa'a. "Malam, in na biya kuɗinsa fa? Ko ninki biyu ne."

"Ranki ya daɗe, an toshe wannan ƙofar tun da wasu suka riƙa sayen motoci a farashin keke. Abin da aka kawo shi za a dawo da shi, cikakke."

Tana ajiyewa wani kiran ya shigo. Wakilin kamfanin ne, mutumin nan mai taushin murya da ke yini a barandar majalisa yana gaishe da kowa da sunan 'ya'yansa.

"Honarabul, ya jikin Babanmu? Mu fa ba mu nemi komai ba. Tsohon ma'aikacinmu ne. Gobe ma ba sai kin wahalar da kanki ba, ki zauna ki kula da shi."

Ta kashe wayar. Yaya na tsaye a bayanta, ya ji komai.

"Kar ki soma," ya ce. "Wallahi kar ki soma, Auta."

"Yaya, mutum nawa ne a bakin injin nan yanzu haka suna shaƙar abin da Baba ya shaƙa?"

"Ban san su ba. Ubana na sani. Dokar taki ce za ta hura masa iska? Ke kina can kuna ta na-amince-ban-amince-ba, ni nake ɗaga shi zaune in numfashi ya sarƙe. Kwana uku na ga tsohon nan yana dariya, ki zo ki ce a mayar?"

Ta zauna a kan dakali ta rufe fuska, tana jin gurnanin injin ta taga kamar bugun zuciyar da aka ara. Gaba kura, baya sayaki. Ta yi tunanin ta yi shiru kawai, wa zai sani? Sai ta tuna takardar da Yaya ya sa wa hannu, kwafinta na kwance a aljihun tebur ɗin wani, tana jiran ranarta.

"Ku shigo nan, ku biyun." Muryar Baba ce. "Huhuna ne ya lalace, ba kunnena ba."

Suka shiga suka tsaya kamar yaran da aka kama suna faɗa.

"Mu tara ne a bakin injin niƙa," ya ce. "Saura ni da Dogo, shi ma ba ya iya kai kansa bayi. Shekara ashirin da shida suna cika min ƙirji da ƙura, ko ƙyalle ba su ba ni na rufe hanci ba. Yau ne suka tuna ina numfashi? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ni ban haifi wanzamiya ba."

"Baba, don Allah," in ji Yaya.

Tsohon ya sa hannu biyu ya zare tiyon daga kunnuwansa, a natse, kamar mai cire tabarau zai kwanta. Ya miƙa mata.

"Ɗauko motarka, kai kuma. Ka daina kallona kamar gawa."

Kafin su kai asibiti leɓunansa sun koma toka. Tana riƙe da kansa a kafaɗarta, tana jin kowane numfashi na fita da ƙyar kamar ana zaro shi da ƙugiya. Wata nas ta samo musu rabin tukunya da gefen benci. Ƙarfe huɗu saura kwata ta shiga ofishin ɗa'a tana jan kwali, mayafinta ya zame, gumi ya jiƙa mata baya.

Magatakardan ya gyara tabarau, ya bi takarda layi-layi. "Inji, ga shi. Wayar wuta, ga ta. Saura tiyo, ranki ya daɗe."

Ta duba kwalin, ta zazzage jaka, idonta ya rufe. Sai ya nuna hannunta da biro. Yana nan naɗe a yatsunta tun daga gida, ta matse shi har ya yi mata shaida a fata. Ƙamshin man zafin Baba na jikinsa. Da ƙyar yatsun suka yarda suka buɗe. Mutumin ya karɓa da hannu biyu, ya buga hatimi, bai iya ɗaga ido ya dube ta ba.

Washegari ta shiga ɗakin kwamiti da kayan jiya. Da aka zo kanta ta ɗaga hannu, shatin tiyon bai gama ɓacewa ba. Wakilin kamfanin na zaune a kujerun baƙi, ya tattara takardunsa ya fita.

Tun daga ƙofar asibiti ta jiyo tarin, yana yi mata maraba kamar da. Yaya na can cikin layin tukunya, bai ko waiwayo ba.

"Nawa da nawa?" in ji Baba, kalma ɗaya, hutu ɗaya.

"Shida da biyar, Baba."

Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace ta. Ta zauna a ƙasa kusa da bencin ta riƙe hannunsa. Allurar ma'aunin iskar da ke kan tukunyar ta kusa taɓa ja, kuma mutum bakwai ne a gaban Yaya.