Kindirmon Amsa

Tun da aka sallamo Baba Kashim daga asibiti cikinsa ya daina riƙe abinci. Zazzaɓin taifot ya tafi, amma tuwo in ya shiga sai ya fita kamar an koro shi. Mahaifina, da ke nome gonarsa shi kaɗai, ya koma sai na ɗaga shi zaune.

Ma'aikaciyar jinya ta ce da ni, "Sadiƙa, maganin ya kashe ƙwayoyin cutar, ya haɗa da masu amfani da ke cikin hanji, masu taimaka wa jiki ya ci moriyar abinci. Ki riƙa ba shi nono mai tsami."

Na sayo yogot na roba. Ya lasa, ya kau da kai.

"Wannan ai sukari ne da ruwa. Kindirmon Amsa nake so."

Amsa ita ce mahaifiyata, bara ta rasu. Haushi ya kama ni, kewarta kuma ta taso ta danne haushin. Ina zan samo masa? Baba akwai taurin kai, na san zai iya zama da yunwa har ta kai shi inda take.

Na ɗauki kwano na bi ta cikin gero zuwa gidan Buwai, maƙwabcinmu mai shanu. Matarsa Roda na tsakar gida tana tace madara. Na faɗa mata duk abin da ke nan.

"Ke dai yarinya ce," in ji ta. "Shekarar da nonona ya lalace, wa ya ba ni iri? Innarki ta ɗebo mini ludayi guda a nata. Tun ranar, daga na jiya nake zubawa a madarar yau, bai taɓa yankewa ba. Ungo, nata ne."

Ban gaya wa Baba komai ba, na miƙa masa. Ya kurɓa, ya sake kurɓa. Hawaye na bin gemunsa. Ya sha fiye da rabi, abin da rabonsa da yi tun kafin ciwon, sannan ya rufe kwanon da tafin hannu.

"Baba, ƙarasa mana."

"A'a. Sauko da ƙwaryar uwarki daga rataya, ki nemo madara. Wannan na gobe ne."