Jan Fenti a Kan Noti

Shekarar Dewey Harkrader sittin da huɗu, an taɓa yi masa aikin zuciya, kuma rabonsa da filin tseren motoci shekara tara, tun ranar da motarsa ta daki katanga. Har yanzu ana gaishe shi a gari, amma irin gaisuwar da ake yi wa wanda zamaninsa ya wuce. Abin da ke cin ransa ke nan. So yake a sake ganinsa cikin mota, a faɗa da baki cewa tsohon yana nan da ƙarfinsa.

Motar ya riga ya haɗa ta a bayan gida. Ba fitila, ba lamba, ba ta hawa titi, daga kujera ɗaya sai ƙarafan kariya. Inji kawai ya rage. Sai ya ɗauki 'yarsa Twyla suka nufi garejin Orval Stamey, don a wannan yanki na North Carolina ba wanda ya kai Orval iya haɗa inji, ba kuma wanda ya kai shi riƙo.

Riƙon yana da tushe. Shekara talatin baya Dewey ya faɗi babban tseren shekara, aka miƙa masa lasifika, ya ce injin Orval ne ya gaza. Ƙarya ce, tsoro ne ya sa ya ɗaga ƙafa daga kan totur a kwanar ƙarshe. Masu kawo wa Orval aiki suka gudu, ya shekara biyu yana zaman kashe wando. Dewey tuni ya manta cewa ƙarya ya yi, kuma a zatonsa maganar ta wuce a wurin kowa.

Injuna biyu ne a kan tebur. Orval ya dafa ƙaramin.

"Wannan ƙarfin doki ɗari huɗu ne. Salihi, ko coci sai ka je da shi. Daidai da kai, tsoho."

"Wancan fa?"

"Ɗari tara. Ba na masu shan ƙwaya safe da yamma ba ne."

"Baba, don Allah ka ɗauki ƙaramin," in ji Twyla. "Wa za ka burge?"

Dewey ko kallonta bai yi ba. "Ɗaura min babban. Kai dai ka tabbata bai mutu min a hanya irin na da ba."

Orval ya goge hannu da tsumma, ya yi murmushi. Da za su tafi Twyla ta ce ta manta jakarta, ta koma ciki, ta ɗan jima.

Ranar Asabar ɗin da aka sa don gwada motar a filin tsere, jama'a suka cika rumfunan gyara, tsofaffin direbobi da matansu, kowa ya zo ganin ko Dewey zai iya. Ya sa hular kwano, aka ɗaure shi da bel a kujera, ya tayar da mota. Ƙarar injin har cikin haƙoransa. Ya fita, ya zaga sau goma, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba, amma motar ba ta kuɓuce masa ba. Da ya dawo aka yi ta tafi, Twyla ta rungume shi tana hawaye. Daɗin da ya ji, ko ranar da ya ci kofinsa na farko bai ji irinsa ba.

Da a nan ya tsaya, da an rabu lafiya. Amma Dewey bai taɓa iya jin daɗi bakinsa a rufe ba. Ana cin gasasshen naman alade da burodin masara a ƙarƙashin rumfa, ya ɗaga murya.

"Ina Orval? Zo nan, bakanike! Waɗannan ne dawakai ɗari taran naka? Na take totur har ƙasa, na danne shi da ƙarfi, ina ta neman sauran ban gani ba. Har yanzu hannunka da sanyi!"

Aka kwashe da dariya. Orval ya ajiye kofin shayinsa.

"Har ƙasa ka take?"

"Har ƙasa. Kowane zagaye."

Orval ya ɗauki sifana ya tafi wurin motar, ya zura kai wajen ƙafar direba. Twyla ta miƙe da sauri.

"Kawu Orval, ka yi min alkawari!"

Bai saurare ta ba. Ya dawo da wani dogon noti, ya ajiye a farantin Dewey, gefen naman.

"'Yarka ta roƙe ni in tokare totur da wannan, kada ka kashe mata kanka. Muddin yana wurin, rabin injin kaɗai za ka samu, ko tsalle ka yi a kai."

Nan take Dewey ya ga mafita, ya cafke ta.

"Kun ji ko? Shi ya sa! Ni na san an riƙe min mota. Ina takawa ina jin abu ya tokare ni. Cire min shi ka ga aiki!"

"Ai na cire," in ji Orval. "Amma kafin ka tashi, duba kansa. Da safen nan na ɗiga masa jan fenti, irin wanda ba ya bushewa da wuri. In totur ya taɓa shi ko sau ɗaya, sai ya shafe."

Ya ɗaga notin ya nuna wa na dama, ya nuna wa na hagu, sannan ya miƙa wa na kusa, aka shiga zagayawa da shi hannu zuwa hannu. Ɗigon fentin yana nan a dunƙule, yana sheƙi, ko ƙwarzane babu. Wani daga baya ya kasa riƙe dariyarsa.

Notin ya zago ya dawo hannun Dewey. Ya ɗora babban yatsansa a kan fentin, ko Allah zai sa ya riga ya bushe. Yatsan ya fito jawur.

"Ga mota can, tsoho, duka ɗari taran," in ji Orval, yana komawa kan abincinsa. "Yau kuma injin wa za ka ce ya gaza?"