Akushin Cukun Saveta

Dokar aikinsu na binciken harshe ɗaya ce, kuma Sabin ya fi kowa tsananta ta a kan ɗalibai: in ka je ƙauye farautar tsohuwar kalma, ba ka furta ta. Ka nuna abu, ka tambayi sunansa, ka kame bakinka. Muddin ta fito daga bakinka kafin na mai ita, to kai ka sa masa ita a baki, kuma masu haɗa ƙamus a birnin Cluj ba za su ko kalle ta ba.

Yau ga dokar ta biyo shi har gidan uwarsa.

Tun yana saurayi yake kan magana ɗaya. A ƙauyensu na tsaunukan Apuseni akwai sunan da ake kiran akushin katakon da ake matse cuku a ciki, shi kuwa ya dage cewa daga harshen Latin sunan ya gangaro, tushe ɗaya da sunan cuku a bakin Faransawa da Italiyawa. Abokan aiki suka mai da shi abin tsokana. Wai sunan cuku na Ingilishi da na Sifaniyanci kowa ya san kakansu, an gan shi a rubuce. Wannan nasa fa, wa ya taɓa ji? Shi ba a karɓar shaidarsa tunda shi ne mai da'awa. Shekara da shekaru yana yawon ƙauyukan mutane da na'urar ɗaukar murya, na gida kuwa kullum sai baɗi. Wauta irin ta masu karatu! Kafin ya farga makiyayan ƙauyensu sun kwanta dama, 'ya'yansu sun tafi Sifen tsinkar lemo. Saura uwarsa Saveta kaɗai, ita ma tsufa yana kwashe mata kalmomi ɗaya bayan ɗaya, har ya haɗa da sunan ɗanta.

Ya roƙi Otilia, abokiyar aikinsa, ta zo ta zama shaida. Da hantsi suka zaunar da tsohuwar a baranda, Otilia ta kunna na'ura, ya ɗora akushin a cinyar uwarsa ya tambayi sunansa. Ta shafa shi ta ce yana son wanki. Ya ce to in za ta aiki maƙwabciya ta ɗauko shi, me za ta ce? Ta ce cewa za ta yi a ɗauko mata abin nan. Ya kewayo ta gabas, ya kewayo ta yamma. Ya samo madarar tunkiya ya hau yin cuku a gabanta, yana ɓata aikin da gangan ko faɗa zai fizgo kalmar. Faɗan kam ya sha, ta ce hannunsa kamar na mai jego, amma akushin bai samu suna ba. Tuwon masarar da ya tuƙa musu ya sandare a tukunya. Tsoro ya kama shi sosai, don likita ya riga ya gaya masa kada ya sa rai da wani zuwan.

Can da la'asar sai ta tsura wa akushin ido, leɓɓanta suka fara motsi. Sabin ya matso kusa. Ta buɗe baki, babu. Ta sake, babu. Ta shiga bugun goshinta da tafin hannu, hawaye na bin tamojin fuskarta.

"Yana nan fa, a bakina yake," ta ce. Ta kamo hannun rigarsa. "Bawan Allah, ka san shi, na gani a idonka. Taimake ni mana."

Otilia ta girgiza masa kai a hankali. Ai Sabin ya sani, shi ya koya mata dokar. In ya daure kaɗan wataƙila kalmar ta fito daga bakin tsohuwar. Wataƙila. Tsohuwar ta ci gaba da dukan kanta tana roƙonsa kamar yarinyar da ta ɓata a kasuwa.

Sai ya faɗa.

Fuskarta ta washe. Ta maimaita kalmar, ta sake maimaitawa, da irin jan muryar mutanen dā wanda ya yi ta kwatanta wa mutane ba su yarda ba. Otilia ta miƙa hannu ta kashe na'urar, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Saveta ta share hawaye, ta dube shi da fara'a.

"Ashe kai ɗan garin nan ne. Ɗan gidan wa?"